Saitin Bawul a Tsohuwar Motar Dizal: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Yi a Gida

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu tsofaffin motocin dizal suka fi yi idan suka yi niyyar duba bawul ɗin injinsu da hannunsu. An ɗauki Marsandi samfurin W123 a matsayin babban misali, wato motar da aka fito da ita a 1976 aka ci gaba da ƙera ta har zuwa 1986, mai ɗauke da injin OM615 ko OM616 masu silinda huɗu, ko kuma OM617 mai silinda biyar. Inda tsarin wasu injuna ya bambanta da nata, an yi bayani.

Mece ce ratar bawul, kuma me ya sa aka bar ta tun daga masana'anta?

A kan kowace silinda ta waɗannan injuna akwai bawul biyu. Ɗaya yana buɗewa domin iska ta shiga, ɗayan kuma yana buɗewa domin hayaƙi ya fita. Abin da ke danna su shi ne kamshaf, sandar ƙarfe mai tozaye da ke kwance a saman inji, wadda take yin juyi ɗaya duk lokacin da karanshaf ya yi juyi biyu. Idan tozo ya zo kan roka, wato ɗan ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da bawul, sai ya danna ta, ita kuma ta danna bawul ya buɗe. Idan tozon ya wuce, sifirin ya mayar da bawul ya zauna daram a mazauninsa.

Ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya yi zafi. Da a ce an haɗa waɗannan sassa ba tare da barin wani ɗan fili a tsakaninsu ba, to da zarar inji ya ɗumama bawul zai miƙe ya tokare roka, ya kasa komawa mazauninsa gaba ɗaya. Wannan ɗan filin da aka bari da gangan shi ne ratar bawul, kuma daidaita shi ne makanikai suke kira saitin bawul ko saitin tafet. Ratar ƙarama ce ƙwarai, domin a bawul ɗin iska na Marsandi ba ta wuce milimita 0.10 ba, wato kusan kaurin takardar rubutu guda ɗaya. Ta bawul ɗin hayaƙi ta fi faɗi saboda shi ne yake shan wuta, zafinsa yana iya haura digiri 600 a ma'aunin Salshiyas.

Da tsufan inji, ratar buɗewa take yi ko tsukewa?

Yawancin mutane suna ɗauka cewa buɗewa take yi, tunda abin da aka sani shi ne ƙarfe yana cinyewa ya bar fili. Hakan yana faruwa a wasu injuna, musamman masu doguwar sanda tsakanin kamshaf da roka, inda wuraren gogayya suke da yawa. Amma a injunan Marsandi da ake magana a kansu, abin da aka fi samu shi ne tsukewa. Dalili kuwa shi ne bawul yana bugun mazauninsa sau dubbai a cikin 'yan mintoci, kuma a hankali fuskarsa da mazaunin suna cinyewa, sai ya riƙa nutsewa cikin kan silinda. Duk nutsewar da ya yi, ƙafarsa tana ƙara matsowa kusa da roka, ratar tana raguwa har ta ɓace.

Haɗarin da ke cikin wannan shi ne ba ya yin ƙara. Bawul mai rata da yawa yana ƙwanƙwasa, mai mota ya ji ya damu ya nemi gyara, alhali ɓarnar da yake yi kaɗan ce kuma a hankali take zuwa. Bawul da ya tsuke kuwa shiru yake yi, kuma shi ne yake kashe inji. Da fari, ba ya rufewa sosai, saboda haka matsin da fistin ya tara yana zurarewa. Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Zafin da iska ke yi idan aka matse ta, a waɗannan injuna har ninki 21, shi ne yake kunna man. Idan matsin ya ragu, zafin ya ragu, mai ba ya kamawa da kyau. Na biyu, mafi yawan zafin da ke kan bawul ta mazauninsa yake ficewa zuwa kan silinda a ɗan lokacin da suke manne da juna. Bawul ɗin da bai zauna sosai ba ya rasa hanyar huce zafinsa, ga kuma wuta tana bi ta gefensa, har bakinsa ya ƙone ya tsage. Daga nan babu saitin da zai yi magani, sai an sauke kan silinda.

Saboda haka al'adar nan ta ɗaure bawul da kunne, a yi ta matsawa har sai ƙara ta ɗauke, al'ada ce mai cutarwa ko da wanda ya yi ya daɗe a sana'a. Mai mota zai tafi yana murna cewa injinsa ya yi laushi, bayan wasu watanni ya dawo da kukan cewa mota ba ta tashi da safe.

Waɗanne alamomi ne ke nuna cewa lokacin saiti ya yi?

Babbar alama ita ce wahalar tashi da sanyin safiya, musamman a lokacin hunturu, alhali batir yana da ƙarfi kuma hita, wato fulogin da ke ɗumama silinda kafin a tayar da inji, tana aiki. Sau da yawa injin yakan tashi yana karkarwa, yana fitar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai, sai bayan ya ɗan ɗumama ya daidaita. Akwai kuma raguwar ƙarfi a kan tudu, da rashin daidaiton sauti idan mota tana tsaye inji yana aiki, da ƙaruwar shan mai. Idan ratar buɗewa ta yi, za a ji ƙwanƙwasa siririya daga saman inji wadda take ƙara sauri daidai da saurin inji.

Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan alamomi da ta keɓanta da bawul kaɗai. Nozul mai fesa mai cikin silinda da ya gaji, ko hita da ta mutu, ko iska da ta shiga layin mai, duk suna iya kawo irinsu. Abin da ya sa ake fara duba bawul shi ne ba ya cin kuɗi, kuma sauran gwaje-gwaje ba sa ba da sakamako na gaskiya sai an fara daidaita shi.

Kowace motar dizal ce ake yi wa wannan aiki?

A'a, kuma wajibi ne mutum ya san irin injinsa kafin ya kwance noti ko ɗaya. Tsare-tsaren sun kasu huɗu. Akwai mai roka da sukurun saiti da notin kulle a kanta, kamar injin dizal na Fijo 504 da 505, da Land Rover 200Tdi da 300Tdi, da Isuzu 4JB1, da tsofaffin Land Cruiser masu injin 3B ko 2H. Wannan shi ne mafi sauƙi. Akwai irin na Marsandi OM615 zuwa OM617, inda notuna biyu suke a kan ƙafar bawul ɗin kanta. Akwai mai amfani da shim, wato ɗan faifan ƙarfe da ake canzawa da wani mai kauri daban, kamar injin XUD na Fijo 405, da Toyota 1HZ, da tsohon injin dizal mai lita 1.6 na Volkswagen Golf. Na huɗu shi ne mai tafet da ke daidaita kansa da matsin baƙin mai, wanda ba a yi masa saiti ko kaɗan. Marsandi ta koma wannan tsari daga injin OM601 da ya fito a 190D a 1983, haka ma OM602 da OM603 da suka biyo baya. Wanda yake da ɗaya daga cikin waɗannan ya ji ƙwanƙwasa a saman inji, sai ya duba baƙin mai da tafet ɗin, domin babu notin da zai murɗa.

Kada a dogara da sunan mota kaɗai. Motocin da suka kai shekara arba'in da yawa an sauya musu inji, don haka lambar da aka buga a jikin injin ita ce abin dubawa.

Nawa ne adadin ratar da ake buƙata?

A injunan OM615, OM616 da OM617 marasa turbo, idan inji yana da sanyi, bawul ɗin iska milimita 0.10 ne, na hayaƙi kuma 0.30. A OM617 mai turbo na iska yana nan a 0.10, amma na hayaƙi 0.35 ne. Idan inji yana da ɗumi, wato wajen digiri 60, ana ƙara 0.05 a kan kowane. Wanda ma'auninsa yake da lambobin inci zai ga 0.10 a matsayin 0.004, 0.30 a matsayin 0.012, sannan 0.35 a matsayin 0.014.

Sauran injuna kowane da nasa. Land Rover 200Tdi da 300Tdi 0.20 ne ga bawul biyun. Isuzu 4JB1 0.40 ne ga duka biyun da sanyi. Toyota 3B da 2H 0.20 ne na iska da 0.36 na hayaƙi, kuma da zafi ake auna su. XUD na Fijo 0.15 da 0.30 ne da sanyi. Wannan bambanci ya isa ya nuna cewa ba a aron adadin wani inji a saka wa wani. Motoci da yawa suna da takarda manne a ƙarƙashin bonet mai ɗauke da adadin, kuma idan tana nan, kuma injin na asali ne, ita za a bi.

Da sanyi ya fi kyau a yi ko da ɗumi?

Ga mai aiki a gida, idan littafin injin ya ba da zaɓi, sanyi ya fi. Injin da aka kashe yana ci gaba da hucewa, kuma wanda bai saba ba zai iya ɗaukar awa biyu ko fiye a kan bawul goma, ta yadda na farko za a auna shi da ɗumi, na ƙarshe kuma da sanyi. Abin da ya fi shi ne mota ta kwana ba a tayar da ita ba, a fara aiki da sassafe. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, motar da ta wuni a rana lokacin bazara ƙarfenta yakan yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, kuma wannan ba shi ne sanyin da masu ƙera injin suke nufi ba, wanda yake wajen digiri 20 ne. A ajiye ta a inuwa tun daren jiya.

Waɗanne kayan aiki ake buƙata?

Na farko shi ne ma'aunin rata, wanda makanikai suke kira fila geji: jerin siraran ƙarafa masu lamba a jikin kowane. A tabbata ba su yi tsatsa ko lanƙwasa ba, domin na 0.10 siriri ne, saurin lalacewa yake yi. Ga Marsandi ana buƙatar sifana biyu masu lamba 14, sirara kuma lanƙwasassu, saboda notunan biyu suna manne da juna a ƙarƙashin roka, ga bututun nozul sun tare hanya, sifana ta yau da kullum ba ta shiga. Akwai waɗanda aka ƙera musamman domin wannan aiki. Idan ba a samu ba, maƙeri ko mai walda zai iya rage kaurin sifana biyu a dutsen niƙa, ya gasa su ya lanƙwasa. Akwai sifana ta uku mai faɗin baki wadda ake riƙe hular sifirin da ita idan ta fara juyawa tare da noti. Ba kullum ake buƙatarta ba, amma ranar da aka buƙace ta babu abin da zai maye gurbinta cikin sauƙi.

Sai soket mai lamba 27 da dogon hannu domin juya karanshaf, da mai lamba 13 domin notunan murfi, da sabon gaskit na murfin, da tsumma mai tsabta, da alli ko takarda da biro domin rubuta abin da aka auna.

Yaya ake shiri da buɗe murfin?

A tsayar da mota a wuri mai daidaito, a ja birkin hannu, a sa dutse ko katako a taya, a cire giya, a zare makulli, sannan a cire wayar batir ta ɓangaren da ke haɗe da jikin mota. Kafin a taɓa noti, a goge duk ƙura da dattin da ke kewaye da murfin, domin duk abin da ya faɗa ciki zai bi baƙin mai ya shiga gidajen kamshaf. Ranar da iska ke ɗauke da ƙura ba ranar wannan aiki ba ce sai dai a cikin rufaffen wuri.

A Marsandi, sandunan totur suna bi ta saman murfin, kuma dole a cire su. Kawunansu a kan ƙwallo suke zaune, ana ɓalle su da bakin sukurudireba ko ƙaramar sifana. A ɗauki hotonsu da waya ta fuska biyu ko uku kafin a cire, kuma kada a murɗa tsawon kowace sanda, domin a motoci masu giyar otomatik tsawon yana shafar yadda giya ke canzawa. Siraran bututun iska na roba da ke wurin sun bushe saboda tsufa, suna karyewa da ɗan lanƙwasawa. Bayan an cire su tare da tiyon numfashin inji, sai a kwance notuna huɗu na murfin a ɗaga shi.

Ta yaya ake juya inji, kuma me ya sa ake hana juya shi baya?

Ana sa soket mai lamba 27 a kan babban bol da ke tsakiyar fulin karanshaf, a juya ta inda hannun agogo ke bi idan mutum yana tsaye a gaban mota yana fuskantar inji. Zai yi tauri duk lokacin da wata silinda ta zo matsi. Sai a dakata kaɗan, iskar ta zurare, a ci gaba. Wasu suna cire hitoci domin inji ya yi sauƙin juyawa, amma ba dole ba ne.

Abubuwa biyu ne aka hana. Kada a juya inji ta bol ɗin kamshaf, ko da yake shi ne a fili kusa da hannu, domin hakan yana ɗora wa sarƙar taimin, wato sarƙar da ke haɗa karanshaf da kamshaf, nauyin da ba a yi ta dominsa ba. Kuma kada a juya shi baya, domin abin da ke ɗame sarƙar a gefe ɗaya yake, idan aka koma baya sai ta saki ta ɗaya gefen, har tana iya tsallake haƙori. A injin dizal filin da ke tsakanin fistin da bawul kaɗan ne ƙwarai, tsallake haƙori yana iya sa su haɗu. Idan an wuce inda ake so, a ci gaba da juyawa har a sake zagayowa. Amfani da kik wajen juyawa kuma ba shawara ba ce ga mai koyo, saboda inji yana iya kamawa murfi a buɗe.

Yaya ake bambance bawul ɗin iska da na hayaƙi?

Ba a jere suke ɗaya bayan ɗaya ba, wato iska, hayaƙi, iska, hayaƙi. A waɗannan injuna na silindu maƙwabta suna zama bibbiyu, na iska biyu kusa da juna, na hayaƙi biyu kusa da juna. Hanyar da ba ta ɓatarwa ita ce a dubi gefen kan silinda a ga wane bututu ne yake daidai da kowane bawul: wanda yake fuskantar bututun da ya fito daga matatar iska na iska ne, wanda yake fuskantar bututun ƙarfe mai tsatsa da ya nufi salansa na hayaƙi ne. A zana jerin a takarda kafin a fara. Musanya su kuskure ne mai tsada, domin bawul ɗin hayaƙi da aka bar wa 0.10 ba zai daɗe bai ƙone ba.

Yaya ake aunawa?

A juya inji har tozon bawul ɗin da ake so ya kalli sama, nesa da roka, ta yadda gefen kamshaf mai zagaye ne yake fuskantarta. A Marsandi tsakanin kamshaf da bayan roka ake zura ma'auni. Ratar da ta yi daidai ita ce wadda ma'auni zai shiga ba tare da an tilasta shi ba, amma idan ana jansa a ji yana ɗan riƙewa. Idan ya shige sakwa-sakwa, ta yi yawa; idan ya lanƙwashe ya ƙi shiga, ta tsuke. Wanda hannunsa bai saba ba zai iya tabbatarwa da ma'auni biyu: a bawul ɗin iska, na 0.10 ya shiga, na 0.15 ya ƙi.

Yana da kyau a auna a rubuta abin da aka tarar kafin a gyara. Rubutun nan zai nuna a karo na gaba wane bawul ne yake saurin tsukewa fiye da 'yan'uwansa, kuma wannan labari ne game da lafiyar mazauninsa. Ba dole ne a bi silinda ɗaya bayan ɗaya ba. Duk tozon da ya kalli sama sai a yi nasa, a sa masa alamar alli, a juya kaɗan a sami na gaba. Bawul ɗin da ratarsa ta yi daidai a bar shi yadda yake.

Idan ratar ba daidai ba ce, yaya ake gyarawa a Marsandi?

A kan ƙafar bawul, ƙarƙashin bakin roka, akwai notuna biyu. Na sama mai hula shi ne roka take dannawa, kuma shi ne na saiti. Na ƙasa siriri shi ne na kulle. A sa sifana ɗaya a kowane, a riƙe na sama, a murɗa na ƙasa ya sauka domin su rabu. Idan sun shekara ba a taɓa su ba za su yi tauri, kuma a nan ne yatsu suke bugun ƙarfe. Hanya mafi aminci ita ce a jera hannayen sifanonin biyu kusa da juna a matse su da tafin hannu ɗaya maimakon a ja kowace da hannu daban.

Idan sun rabu, saukar da notin sama yana ƙara rata, ɗaga shi kuma yana rage ta. Tunda tsukewa aka fi samu, yawanci sai an fara saukar da na ƙasa sosai domin na sama ya sami wurin sauka. Ɗan motsi kaɗan yake isa. Idan aka ga duka biyun suna juyawa tare da hular sifirin ba tare da ratar ta canza ba, a nan ne za a riƙe hular da sifana ta uku.

Akwai wani abu da yake rikita masu farawa. Lokacin da aka ɗaure notin kulle, yana tura na sama ya ɗan hau, sai ratar da aka daidaita ta ragu. Saboda haka a bar ta ta ɗan fi yadda ake so kafin a kulle, sannan bayan an kulle a sake aunawa. Awon da aka yi bayan kullewa shi ne abin lissafi, kuma ba abin mamaki ba ne a sake bawul ɗaya sau biyu ko uku kafin ya zauna. A ɗaure notunan su kama juna sosai, amma ba da ƙarfin da zai cinye zaren ƙafar bawul ba. Idan dole sai an karkata gefe ɗaya, ratar da ta ɗan fi faɗi ta fi wadda ta ɗan tsuke.

Injin mai sukuru a kan roka fa?

Nan aikin ya fi sauƙi. Ana zura ma'auni tsakanin bakin roka da kan bawul, a sassauta notin kulle da sifana, a murɗa sukurun da sukurudireba har ma'auni ya ɗan riƙe, a riƙe sukurun kada ya motsa, a ɗaure noti, a sake aunawa. Wahalar ita ce kamshaf yana can ƙasa ba a ganin tozonsa. A injuna masu silinda huɗu irin na Land Rover ana amfani da lissafin tara: a ƙidaya bawul daga gaba, 1 zuwa 8, idan na 8 ya buɗe gaba ɗaya a saita na 1, idan na 7 ya buɗe a saita na 2, haka har ƙarshe, kullum jimlar lambobin biyu tara ce. Wannan lissafi yana aiki ne kawai inda jerin bawul na rabin gaba ya yi daidai da na rabin baya idan aka juya shi. Hanyar da ta dace da kowane inji ita ce a kawo fistin na silinda ƙololuwar matsi, lokacin da rokokinta biyu suke a sake, a saita su tare.

Mai shim ana iya yi a gida?

Aunawa ana iya yi. Gyarawa kuwa yana buƙatar tarin shim masu kauri daban-daban da ma'aunin kauri mai kyau, kuma a XUD sai an cire kamshaf da bel ɗin taimin tunda shim ɗin a ƙarƙashin kofin yake. Wanda bai taɓa saita taimin na dizal ba ya auna, ya rubuta, ya kai wa gwani.

Me ya kamata a duba tunda murfi yana buɗe?

A shafa kowane tozo da yatsa. Ya kamata ya zama sumul, babu kwari ko kaifi a gefe. A duba bayan roka, domin idan ya yi kwari ma'auni zai hau gefen kwarin ya ba da awon ƙarya. A Marsandi akwai alama a gidan kamshaf na farko da wata a kan ɗan faifan ƙarfen da ke bayan giyar kamshaf. Idan aka daidaita su aka dubi lambobin da ke kan fulin karanshaf, za a ga digiri nawa sarƙar taimin ta miƙe. Wannan awo na kusa-kusa ne, amma idan ya nuna digiri biyar ko fiye, ya dace a kai motar a auna sarƙar da kyau.

Me ake kiyayewa wajen rufewa?

Abu na farko, a cire soket da hannunsa daga bol ɗin karanshaf. Wanda ya manta ya buga kik zai iya fasa lagireto ko ya kwance bol ɗin. A ƙidaya kayan aiki, a goge bakin kan silinda, a sa sabon gaskit a bakin murfi. Gaskit ɗin yakan zame ta baya, kusa da bangon da ke raba inji da cikin mota, inda ido ba ya kaiwa, don haka bayan an ɗora murfin a bi da yatsa ko ƙaramin madubi a tabbata ya zauna ko'ina. Notunan huɗu ana ɗaure su a hankali, ɗaya bayan ɗaya ta gicciye, zuwa Nm 15 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, wanda ɗauri ne mai sauƙi. Matsawa fiye da haka ba ya hana yoyo, murƙushe gaskit yake yi. A mayar da sandunan totur bisa hoton da aka ɗauka, a danna totur da hannu a ga yana komawa da kansa kafin a tayar da inji.

Bayan saiti inji ya ƙara ƙara. An yi kuskure ne?

Idan bawul ɗin sun kasance a tsuke, ɗan ƙarin ƙwanƙwasa siririya mai daidaito bayan saiti abu ne da ake sa rai, domin sautin ratar da ta dawo ne. Abin damuwa shi ne ƙara ɗaya mai ƙarfi da ta fita daban da sauran, wadda take nuna an bar wani bawul da faɗi ko notinsa bai kullu ba. A kashe inji, a bari ya huce, a sake dubawa.

Injin da aka tarar da bawul ɗinsa babu rata ko kaɗan yana da kyau a sake auna shi bayan tafiyar kilomita kamar dubu ɗaya. Gawayin da ya taru a mazaunin lokacin da bawul ba ya rufewa yana kakkaɓewa a hankali, bawul ya ƙara zama, ratar ta sake raguwa.

Idan an yi saiti amma mota ba ta daina wahalar tashi ba fa?

Sai a koma kan hitoci a gwada kowace, sannan a duba matatar mai da layinsa ko iska tana shiga. Idan waɗannan lafiya suke, mataki na gaba shi ne gwajin matsi na kowace silinda, da ma'aunin dizal, domin matsin ya haura bar 20 a ma'aunin matsi kuma ma'aunin motar fetur ba ya ɗaukarsa. Silinda ɗaya da ta yi ƙasa sosai da sauran, musamman idan ita ce aka tarar da bawul ɗinta na hayaƙi a tsuke, tana nuna ƙonannen bawul. Idan duka sun yi ƙasa tare, an fi zargin ringi da jikin silinda. Haka nan bawul ɗin da notinsa ya kai ƙarshen zare amma ratar ba ta samu ba, ya nutse fiye da kima. Waɗannan duka aikin gareji ne da mai injin gyaran kan silinda.

Bayan tafiyar kilomita nawa ake maimaitawa?

Ga injunan Marsandi da aka ambata, kowane kilomita 20,000 zuwa 24,000. Motar haya ko ta ɗaukar kaya da ke yin doguwar tafiya cikin zafi ta fi dacewa da adadin farko, wadda kuma ba ta yawan fita a duba ta sau ɗaya a shekara, kuma gab da shigowar hunturu ya fi amfani tunda a lokacin ne raunin matsi yake bayyana. Motar da aka saya ba a san tarihin gyaranta ba, a auna bawul ɗinta a makon farko tare da juyen baƙin mai, a rubuta lambar kilomita da abin da aka tarar a kowane bawul, a ajiye takardar tare da takardun mota.